Ɗakin kwanan sufayen Kirista a Turai: wace kalma ta dace?

Wurin da sufayen Kirista, wato maza masu keɓe kansu don ibada, ke kwana a gidajensu na ibada yana da suna fiye da ɗaya. Ga bayaninsu.

In ɗaki ne guda, dogo, gadaje a jere, sunansa dormitorium a Latin, daga dormire, wato yin barci. Faransanci ya gajarta shi, ya zama dortoir, Turawan Ingila suka ara suna cewa dorter. Wannan ta ƙarshe ta tsufa. In ba labarin tsohon zamani kake rubutawa ba, bar ta, mai karatu ba zai gane ba.

Tsarin kwanan ya fito ne daga dokokin da Benedikt, wani shugaban sufaye a Italiya, ya rubuta a ƙarni na 6: kowa da gadonsa, fitila na ci har asuba, a kwanta da tufafi da ɗamara, amma ban da wuƙa, kada mutum ya yanke kansa cikin barci.

Kada a rikita dormitorium da cella, ɗan ɗakin mutum ɗaya irin na sufayen ƙungiyar Kartusiya da aka kafa a 1084. A ganina nan aka fi yin kuskure.