In sayar da dokina in gaggauta biyan bashin gida, ko in bar lamunin ya tafi a kan ƙa'idarsa?

Mahayin Kubwa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar lamunin gidaje. Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a Abuja, shekarata 40. Shekara biyar da suka wuce na karɓi lamunin naira miliyan 12 daga Asusun Gidaje na Ƙasa, ta hannun wani bankin lamunin gidaje, na sayi gida mai ɗaki uku a bayan Kubwa. Kuɗin ruwan kashi 6 cikin 100 ne a shekara, wa'adin kuma shekara 25, wato ba zan gama ba sai a shekarar da zan yi ritaya. Ana cire mini kusan naira 77,300 kowane wata. Da na karɓi bayanin asusuna, sai na ga har yanzu ana bina kimanin miliyan 10.8, alhali abin da na zuba ya haura miliyan huɗu da rabi.

Ina da doki guda a wata barga ta wajen Suleja, wanda nake zuwa kilisa da shi ranar Asabar, kuma da shi nake hawan salla. Tsakanin harawa, dusa, gero, kanwa, magani da hasafin yaron da ke kula da shi, ba ya cin ƙasa da naira 50,000 a wata. Uwargida tana ganin in sayar da shi, in riƙa ɗora wannan kuɗi a kan biyan wata-wata. Ni kuwa a gidan hawa na tashi, kuma ranar Asabar ɗin nan ce kaɗai nake samun hankalina ya kwanta bayan cunkoson hanyar Kubwa na kwana biyar. Wace ce shawarar da ta fi?

Hajiya Mai Lissafi ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka gani a takardar asusunka ba kuskure ba ne, haka tsarin yake. Ana lissafa kuɗin ruwa a kan abin da ya rage na uwar kuɗi, don haka a shekarun farko ruwan ne ke cinye mafi yawan abin da ake cirewa. A halin da kake ciki, cikin naira 77,300 ɗin nan kusan 54,000 ruwa ne, abin da ke rage ainihin bashin bai wuce 23,000 da 'yan kai ba.

Idan ka ɗora 50,000 kowane wata, shekara 20 da suka rage za su koma shekara tara da 'yan watanni, kuma za ka tsira da kusan naira miliyan huɗu da rabi na ruwa. Idan 20,000 kawai ka ƙara, za ka gama cikin shekara 13 da rabi, ka tsira da kimanin miliyan 2.8. Ka lura cewa ƙaramin ƙarin nan shi kaɗai ya yanke maka shekara shida da rabi, saboda haka zaɓin bai tsaya tsakanin doki da gida kawai ba.

Duk da haka, ni a lissafina ban ga dalilin gaggawa ba. Kashi 6 cikin 100 ruwa ne da ba a samun irinsa a kasuwa, domin bankunan kasuwanci suna karɓar fiye da kashi 20. A ƙarshen 2024 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100. Ma'anar wannan ita ce darajar nairar da kake biya tana raguwa da sauri fiye da yadda ruwan yake taruwa. Lokacin da ka karɓi lamunin, mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne, abin da ake cire maka ya ninka shi fiye da sau biyu. Tun 2024 ya koma 70,000, cirewarka kuma tana nan inda take. Kusan babu wani abu a gidanka da farashinsa ya tsaya cak irin wannan bashi. Idan kana da rarar kuɗi, takardun ajiya na gwamnatin tarayya da Ofishin Kula da Basussuka yake fitarwa, waɗanda ake iya saye daga naira 5,000, sun daɗe suna biyan abin da ya fi kashi 6 nesa ba kusa ba.

Baba Ɗan Fansho ya amsa:

Ɗana, lissafin Hajiya daidai ne, amma akwai abin da alƙalami ba ya aunawa. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, sai dai wanda ya kwana da bashin da ke da ruwa a kansa ya san barcinsa ba ɗaya ba ne da na wanda ya sauke. Ya zo a hadisi cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa, kuma malamai da yawa suna ganin wanda ya riga ya shiga lamuni mai ruwa ya kamata ya nemi fita da wuri gwargwadon ikonsa. Saboda haka ba zan ba ka shawarar ka jinkirta biyan wani ruwa domin ka je ka ci wani ruwan ba. Idan ajiya kake so, akwai Sukuk, wato tsarin zuba jari na Musulunci da ba shi da ruwa, wanda gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017 da naira biliyan 100 domin aikin hanyoyi, akwai kuma bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ.

Abu na biyu shi ne ritaya. Ka ce ƙarshen biyanka zai zo daidai da shekarar ajiye aikinka, wato ba ka bar wa kanka ko taƙi ɗaya ba. Ma'aikaci yana barin aiki ne idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa, don haka ka duba ranar da aka ɗauke ka aiki, kada ya zama shekarun aikin ne za su riga cika. Na ga abokan aiki da suka ajiye aiki da ragowar bashi, kuɗin fanshonsu ya yi jinkirin fitowa, takardun gidan kuma suna hannun banki. Mutum yana zaune a cikin gidansa amma ba shi da ikon sayarwa ko jinginarwa, idan kuma ta Allah ta kasance, iyali ne za su yi ta sintiri. A ganina uwargidanka wannan take hangowa, ba ƙin dokin take yi ba.

Abu Hanan na Lugbe ya amsa:

Yallaɓai, kafin ka ƙara ko sisi, ka ɗauko takardar yarjejeniyar lamunin ka karanta sashen da ya yi magana a kan biya kafin wa'adi, ka ga ko akwai tara ko sharaɗin ba da sanarwa. Sannan ka rubuta wa bankin wasiƙa cewa duk ƙarin da ka tura a cire shi daga uwar kuɗi, ka karɓi kwafi mai hatimi. Ni na taɓa tura ƙari na wasu watanni, bankin da nake hulɗa da shi ya ajiye kuɗin a matsayin biyan watannin gaba, uwar kuɗin ba ta motsa ba, ruwan kuma ya ci gaba da hawa a kan tsohon adadi. Sai da na yi ta zirga-zirga kafin aka gyara. Bayan kowane ƙari ka nemi sabon jadawalin biya, domin a nan ne za ka ga ko wa'adin aka rage ko kuwa cirewar wata. Lissafin Hajiya yana aiki ne idan wa'adin aka rage.

Kada kuma ka manta cewa kuɗin da ya shiga bashin gida ba ya dawowa ranar da yaro ya kwanta asibiti ko injin mota ya buga. Ka fara tara abin da zai riƙe gida na 'yan watanni tukuna.

Sarkin Barga ya amsa:

Ɗan'uwa, ni ta fuskar dokin zan yi magana, tunda ita na sani. Naira 50,000 ɗinka ta bana ba ita ce ta baɗi ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin dakon harawa daga ƙauye ya tashi, gero da dusa suka bi shi, kuma da zarar rani ya yi nisa ƙunshin harawar wake yakan yi tsadar da mai doki ke jin ta a jikinsa. Wannan bai haɗa da ranar da ciwon ciki zai kama shi da tsakar dare a nemo likitan dabbobi ba, ko gyaran sirdi da linzami gab da salla. Saboda haka ka rubuta duk abin da ya ci na shekara guda cur, ka raba gida 12, ina kyautata zaton adadin zai ba ka mamaki.

Amma sayarwa ba ita ce kaɗai mafita ba. Wanda ya sayi harawa da gero da kaka, lokacin da suke araha, ya adana a wuri busasshe, ya rage kaso mai tsoka na kuɗin shekara. Akwai kuma masu son hawa da ba su da halin riƙe doki su kaɗai. Idan ka sami mutumin kirki wanda ya iya zama a kan sirdi, ku raba ɗawainiyar, shi ya hau Lahadi kai ka hau Asabar. Sharaɗin dai a yi magana a fili tun farko a kan wanda zai hau ranar salla da wanda zai biya magani, domin a nan ake ɓatawa.

Mahayin Kubwa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na duba takardar ɗaukata aiki, shekarun haihuwa ne za su riga cika, don haka ta wannan fuskar babu matsala. Na yanke shawarar neman abokin tarayya a kan dokin, abin da ya ragu kuma in fara tara ajiyar gaggawa da shi, sannan in koma ɗora 20,000 a kan uwar kuɗi. Hajiya, tambaya ɗaya ta rage mini: ina samun wasu alawus a dunƙule sau ɗaya a shekara, shin zuba su gaba ɗaya ya fi, ko rarraba su wata-wata?

Hajiya Mai Lissafi ta amsa:

Malam, tunda ruwan yana hawa ne a kan abin da ya rage, duk nairar da ta riga shiga ta fi wadda ta makara amfani. Idan kuɗin ya zo hannunka a dunƙule, ka zuba shi a ranar, kada ka riƙe shi kana gutsurawa. Idan kuwa daga albashi ne, kada ka tara shi sai ƙarshen shekara. Sai dai wasu bankunan ba sa sabunta lissafi sai a wani lokaci ƙayyadadde, saboda haka ka sa wannan tambaya a cikin wasiƙar da Abu Hanan ya ce ka rubuta, su ba ka amsa a rubuce.