Tsohon gida a Ɗorayi: in gyara in sayar, ko in zuba 'yan haya?

Ɗan Kwari:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar gidaje a cikin Kano. Ni ɗan kasuwa ne mai sayar da atamfa, kuma na tara ɗan abin da ba na son in bar shi kwance a banki, ganin yadda darajar naira ta zube tun daga 2023. Wani dillali ya kai ni wani tsohon gida a Ɗorayi, ɗaki huɗu da zaure, ginin siminti ne amma kwanon ya mutu. Ya ce gidan gado ne, magada suna sauri a raba musu kuɗi, shi ya sa farashin ya yi ƙasa da na gidajen da ke layin. Takardar da aka nuna mini ita ce ta cinikin da marigayin ya yi, mai ɗauke da sa hannun mai unguwa da shaidu. Shin in saya in gyara in sayar, ko kuwa in gyara in ba da haya? Kuma me ya kamata in bincika kafin in ba da kuɗina?

Baban Khalifa:

Wa alaikumus salam. Alhaji, ka ajiye maganar riba tukuna, domin abin da za ka fara tabbatarwa shi ne ko masu sayarwar suna da ikon sayarwa. A gidan gado, babban ɗa shi kaɗai ba shi da wannan iko, ko da shi ne yake riƙe da takarda da mukullai. Ka nemi a lissafa maka magada gaba ɗaya: matan marigayin, 'ya'yansa mata da suke gidajen aure, waɗanda suke zaune a wani gari, da ƙananan yara waɗanda sai waliyyinsu ko alƙali ne zai tsaya musu. Mafi aminci shi ne a ce rabon ya bi ta kotun shari'ar Musulunci, a ba ka takardar da ta nuna cewa an amince a sayar. Idan wani magaji ne yake sayar da kasonsa a gidan da ba a raba ba, ka sani cewa a mazhabar Malikiyya sauran abokan tarayyarsa suna da haƙƙin shuf'a, wato za su iya mayar maka da kuɗinka su karɓi kason, bayan kai kuma ka riga ka zuba siminti.

Sai maganar ƙasar da gidan yake kai. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, saboda haka abin da mutum yake riƙewa haƙƙin zama ne, wanda a gidajen kwana aka saba bayarwa na shekara 99, kuma sauya shi daga hannu zuwa hannu yana buƙatar amincewar gwamna. Gidaje da yawa a Ɗorayi da Kurna da Rijiyar Lemo awon igiya ne, ba awon gwamnati ba, kuma ana cinikinsu kullum da takardar mai unguwa. Wannan bai sa cinikin ya ɓaci ba, amma yana rage farashin da za ka samu idan ka tashi sayarwa, domin mai kuɗin da ya san abin da yake yi takardar shaidar mallaka yake tambaya. Ka ɗauki lauya da safiyo (mai awon fili) su duba maka a KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta jihar Kano, ko wurin yana da fayil da sunan wani, su kuma duba a KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, ko ya shiga cikin titi, ko magudanar ruwa, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Rusau ɗin da gwamnatin jiha ta yi a watan Yunin 2023, a filin Idi da harabar otal ɗin Daula da wasu wurare, ya taɓa mutane da dama waɗanda suke riƙe da takardu a hannunsu, saboda haka tarihin filin ma abin tambaya ne. Kada ka raina dattawan layin. Ka yi sallar la'asar a masallacinsu, ka tambaye su labarin gidan ba tare da dillalin yana kusa ba.

Injiniya Na Sharaɗa:

Na yarda da duk abin da Baban Khalifa ya faɗa, ni kuma zan yi magana a kan ginin. Kwanon da ya mutu shi ne mafi sauƙin matsala, domin ido yana ganinsa kuma kafinta zai iya ƙiyasta maka shi a tsaye. Abin da yake cin kuɗi shi ne wanda ba a gani: harsashin da aka yi shi ba zurfi, bangon da yake shan ruwa daga ƙasa har filasta tana ɓarewa, sokawe da ta kusa ruftawa, da tsohuwar wayar wuta da aka binne a bango. Ka duba kuma ko titin layin ya fi daɓen gidan tudu, domin irin wannan gida duk damina sai ruwa ya shiga, kuma ɗaga shi kusan sabon gini ne. In da hali ka ga gidan a watan Agusta bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Idan rani ne, tabon da ruwa ya bari a jikin katangun maƙwabta zai gaya maka gaskiya.

Game da saye a gyara a sayar, ina jan hankalinka ga lissafi. A ce ka saya naira miliyan 20, ka kashe miliyan 6 a gyara, bayan shekara ka sayar miliyan 30. A baki riba miliyan 4 ce, amma ba ka cire la'adar dillalai ba, da kuɗin lauya da na takardu, kuma ba ka tambayi kanka ko miliyan 30 ɗin za ta sake saya maka irin wannan gida a wannan layin ba. A farkon 2024 farashin siminti da rodi ya yi tsalle cikin 'yan makonni, waɗanda suke tsakiyar aiki suka rasa yadda za su ƙarasa. Don haka idan ka saya, ka sayi kayan aikin da ba sa lalacewa tun da wuri, ka biya magina bisa aikin da suka gama, kada kuma ka sa tayil da silin na GRA a unguwar da mai saye ba zai biya kuɗinsu ba.

Maman Ilham:

Ɗan'uwa, ni gidajen hayar marayun da nake riƙo nake kula da su, kuma a ganina mai farawa ya fi samun kwanciyar hankali a haya, muddin bai ɗauka cewa kuɗi ne da suke zuwa mutum yana kwance ba. Kuɗin haya na shekara kaɗan ne idan aka auna shi da kuɗin gidan, amfanin dai shi ne gidan yana nan yana ƙara daraja. Ɗorayi tana da albarkar kusanci da tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, ga ƙananan ma'aikata da sababbin ma'aurata masu neman ciki da falo, don haka raba gidan gida biyu, kowane da bayan gidansa da kicin, zai fi kawo kuɗi a kan ba wa mutum ɗaya.

Rigimar haya yawanci a kan wuta da ruwa da yashe masai take tasowa. Ka nemi mitar kati daga kamfanin rarraba wuta na KEDCO ga kowane sashe, ka tabbatar babu tsohon bashin wuta a kan gidan kafin ka biya, ka kuma rubuta yarjejeniya ko da ɗan hayar ɗan'uwanka ne, a bayyana wanda zai yi kowane gyara da tsawon wa'adin tashi. Ranar da aka biya ka kuɗin shekara, ka ware na gyara ka ajiye daban, domin famfo da rufi ba sa jiran shekara ta zagayo. Idan kuma zama ya ƙi daɗi, ka bi ta mai unguwa sannan kotu. Cire ƙofa ko kwano don a kori mutum zalunci ne, kuma shari'a za ta juya kanka.

Almajirin Malam:

Ƙarin bayani kaɗan ta fuskar addini. Gidan haya ba a fitar da zakka a kan darajarsa, sai a kan kuɗin hayar idan sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo a kansu, amma gidan da aka saya da niyyar sayarwa hajar kasuwanci ce, hukuncinsa daban. Sannan wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, don haka shafe tsagewar bango da fenti a yi shiru algus ne. Idan kuɗinka bai kai ba, bankuna irin su Jaiz da TAJ suna hulɗa ba tare da kuɗin ruwa ba, sai dai za su nemi takardu ingantattu, wanda hakan ya sake mayar da kai ga maganar Baban Khalifa.

Ɗan Kwari:

Allah ya saka muku da alheri. Hankalina ya fi karkata ga hayar yanzu. Sai dai dillalin yana matsa mini in ba da kafin alƙalami cikin makon nan, yana cewa akwai wani mai saye da yake jira. Yaya zan yi?

Baban Khalifa:

Kada kuɗinka ya shiga hannun dillali, Alhaji, shi haƙƙinsa la'ada ce bayan an gama ciniki, kuma ku yanke ta tun yanzu. Idan lallai sai ka ba da kafin alƙalami, ka nemi zama da magadan a gaban mai unguwa da lauyanka, ka tura kuɗin ta banki zuwa asusun wanda suka wakilta a rubuce, a kuma rubuta cewa za a mayar maka da su cikakku idan bincike ya nuna matsala a takarda ko wani magaji ya ƙi sa hannu. Ka nemi wa'adin da zai ishi lauya da safiyo su gama aikinsu. Idan suka ƙi wannan sharaɗi, ka bar musu gidan, ka sa a nemo maka wani a Gadon Ƙaya ko Rijiyar Zaki.