Mai gurmi da ba shi da kamfani: yaya zai fitar da waƙa ta zama tasa?

Ɗan Gurmi: Assalamu alaikum jama'a. Mawaƙi ne shi kaɗai da gurminsa, shi ke tsara baitinsa, babu kamfani babu ubangida. Me ya kamata ya kiyaye daga sutudiyo har waƙar ta hau intanet?

Mai Haɗa Sauti: Wa alaikumus salam, Malam. Makirufo biyu ake so, ɗaya a baki, ɗaya kamar taki guda daga ƙoƙon gurmi, a ɗan karkace shi don kada ƙarar yatsa ta danne amon. A ɗauki murya da kiɗa lokaci guda, domin mai gurmi numfashinsa yake bi, ba bugun kwamfuta ba. Kada ya yarda a sa masa Auto-Tune, manhajar da ke daidaita murya: kan ma'aunin fiyano aka saba saita shi, sai ya ja muryar ta rabu da tsirkiya. Da damina fatar gurmin kan saki, amo ya mutu, don haka a ɗan gasa ta nesa da garwashi kafin a fara. A kashe fanka. In an gama ya karɓi WAV, wato sautin asali da ba a matse ba, mai ma'aunin 44.1kHz, a filashi. Abin da aka turo ta WhatsApp sau da yawa an riga an matse shi, ingancinsa ya ragu.

Malamin Doka: Ɗan'uwa, takarda kafin makirufo. A Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, waƙar daban, sautin da aka naɗa daban. Baiti da karin naka ne, kariyarsu na kaiwa shekara 70 bayan rasuwa. Sautin kuwa shekara 50 ne daga fitowarsa, kuma doka na duba wanda ya shirya naɗar. Nan ake cutar mawaƙa: mai sutudiyo ya yi "kyauta", gobe ya ce nasa ne, ya riga ka ɗorawa. A rubuta cewa kuɗin aiki aka biya shi, sauti na mawaƙi ne, ku sa hannu gaban shaidu. Rajista da hukumar haƙƙin mallaka ta Najeriya (NCC) ba ita ke ba ka haƙƙi ba, amma hujja ce ranar rigima. Kuɗin sakawa a rediyo MCSN, ƙungiyar da ke karɓar wa mawaƙa haƙƙinsu, ke karɓa, sai ka zama mamba. In a Kano kake, akwai kuma rajistar hukumar tace fina-finai.

Hajiya Mai Talla: A manhajar sauraron waƙa ta Audiomack ana ɗorawa kai tsaye kyauta. Spotify sai ta dillali, wato kamfanin da ke ɗora maka waƙa, kamar DistroKid ko CD Baby. DistroKid kuɗin shekara ne, in ka daina biya suna iya sauke waƙoƙin. CD Baby sau ɗaya ake biya, su riƙa cire kashi 9 cikin ɗari. Ka adana lambar ISRC, wato lambar shaidar kowace waƙa, da ita za ka sauya dillali ba ka rasa lissafin saurare ba. Tun 2024 Spotify ba ya biyan waƙar da ba ta kai saurare 1,000 cikin wata 12 ba. Gaskiya abincin mai gurmi har yanzu yana wajen biki da suna. Ya karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, a kuma fayyace tun farko cewa liƙi ba ya cikin ciniki.