Me za mu kira "étude de faisabilité" da Hausa?

Akantan Garwa: Assalamu alaikum jama'a. Ana shirya takardar horo da Hausa don matasan da ke son buɗe kamfani, an zo kan étude de faisabilité sai aka cije. Ina nufin binciken da ake yi kafin a kashe ko dala, don a ga ko sana'ar za ta riƙe kanta. An kawo "nazarin yiwuwa", amma bai kwanta mini ba. Malamai a taimaka.

Malamin Hausa, Ngaundere: Wa alaikumus salam, Malam. Gara da bai kwanta maka ba. Fassarar ƙamus ce. Komai mai yiwuwa ne in da kuɗi, har sayar da bargo a Kuseri cikin watan Afrilu. Tambayar ita ce ko zai biya. Ina ganin "binciken kasuwa" ya fi sauƙi a baki.

Hajiya Mai Man Gyaɗa, Marwa: Malam, a yi mini afuwa, binciken kasuwa ƙafa ɗaya ce kawai, ita ce étude de marché. Mu ɗauki mai son kafa injin matsar man gyaɗa. Zai shiga kasuwa ya ga nawa ake sayar da lita, ya ga matan kosai da masu tuyar kifi wane mai suke saye, ya ga man auduga na Diamaor da kamfanin auduga na Sodecoton ke yi yana gefe yana jiran sa. To wannan ya san kasuwa. Amma bai san injinsa na son wuta mai layi uku ba, unguwar da ya kama haya kuma layi ɗaya gare ta. Bai lissafa cewa wutar arewacin Kamaru galibi daga madatsar Lagdo take ba, in ruwa ya ja baya da bazara sai a yi ta ɗauke ta, dole janareta da gas. Bai tambayi inda ake samun ƙarfen matsa in ya cinye ba. Gyaɗa kuma da kaka take araha, zuwa damina ta yi tsada, wanda bai da kuɗin tara buhuna a Nuwamba zai sayi ta Yuni da farashin da zai cinye ribarsa. Duk wannan ba ya cikin kalmar kasuwa.

Akantan Garwa: Haka ne, Hajiya. Kuma ga ƙafar lissafi, wadda ita ce ke kashe yawancin tunani tun a takarda. Misali kawai: haya, albashin mutum biyu, wuta, haraji da abin da ake ajiyewa don gyaran inji sun kama sefa 300,000 a wata, ko an matsa ko ba a matsa ba. Buhun ɓararriyar gyaɗa mai kilo 100 yakan ba da mai lita 35 zuwa 40 in injin na da kyau. A ce bayan an cire kuɗin gyaɗa da jarka da dako, an ƙara kuɗin tunkuza, kowace lita na barin sefa 250. Raba 300,000 da 250, lita 1,200 ke nan a wata kafin a yi canjaras, ba riba ba faɗuwa. A kwana 26 na aiki, lita 46 kullum, wato buhu ɗaya da ɗoriya. Yanzu sai a koma a tambaya: wa zai sayi lita 46 kullum, kuma hannu da hannu ko bashi? Daga nan a sake lissafin sau biyu, ɗaya gyaɗa ta tashi da kashi 20 cikin ɗari, ɗaya ciniki ya tsaya a rabi wata uku na farko. In duka biyun sun nutsar da shi, a bar maganar.

Ɗan Kuseri: Yaya Akanta, a ƙara da naira. Duk wanda kayansa ke zuwa ta Mubi ko Banki, ko yake gasa da kayan can, farashinsa ba a hannunsa yake ba. Sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a yuro ɗaya, naira kuwa tana yawo. Da aka cire tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, man zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake shigowa da shi daga can ta bayan fage, ya tashi, masu lissafi da tsohon farashi suka ji a jikinsu. Mai tsallaka gadar Ngeli zuwa Njamena kuma ya sa kuɗin kwastan a ciki. Ni shawarata "gwajin sana'a".

Hajiya Mai Man Gyaɗa, Marwa: Ƙanena, gwaji ai an riga an fara. Shi ma yana da wurinsa: a kai buhu biyar injin wani a matsa, a zuba a jarka a ga wa zai dawo ya sake saye. Amma mataki ne a ciki, ba sunan duka ba.

Malamin Hausa, Ngaundere: To na janye tawa. Ga wata: "awon sana'a". Aikatau ɗinsa a shirye yake, a auna sana'a, an auna ta, ba ta ci awo ba. Kowa ya san awon ciki, duba lafiyar abin da bai zo duniya ba tukuna, ma'anar ke nan daidai.

Ɗan Kuseri: Malam, ba za a ɗauka awon hatsi ake nufi ba? A kasuwa in ka ce awo, mudu ake ɗaukowa.

Malamin Hausa, Ngaundere: In ka ce awo shi kaɗai, e. Da zarar ka jingina shi da sana'a, ruɗanin ya kau.

Akantan Garwa: Ta yi mini, har ta raba mana abubuwa biyu da matasa ke haɗawa. Awon sana'a amsarsa na iya zama a'a. Tsarin kasuwanci, wanda banki ke nema, ana rubuta shi ne bayan amsar ta zama e. Rajista ita ce ta ƙarshe, ba ta farko ba. Mutum ya ji tun dokar 2016 ana iya kafa SARL, wato kamfani mai iyakantaccen alhaki, a Kamaru da jarin sefa 100,000, sai ya ruga CFCE, ofishin rajistar kamfanoni, ya karɓo lambar RCCM, wato lambar rajistar kasuwanci, alhali bai san wa zai sayar wa ba. Daga ranar ma'aikatar haraji ta san da shi, ko ya buɗe ƙofa ko bai buɗe ba. 'Yan'uwanmu na Cadi, dokar kamfanoni ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, ɗaya ce gare mu, haraji ne kowa da nasa.

Hajiya Mai Man Gyaɗa, Marwa: Na yarda da awon sana'a. Sai dai a takardar a rubuta kuɗin juyawa daban da jari. Masu ƙarar da kuɗinsu kaf a kan inji su rasa na gyaɗa sun fi kowa yawa.

Akantan Garwa: An rubuta, Hajiya. Awon sana'a, ƙarƙashinsa binciken kasuwa, binciken kayan aiki, lissafin canjaras da gwaji. Saura amortissement, wanda na kira "abin da ake ajiyewa don gyaran inji" a sama, kuma na san bai cika ba. Malam, muna jiran ka.