Mai Huɗa Ne Ko Gona? Musayar Baitoci Kan Kociyoyin Zari-Ruga

Malam Na Ringim:
Assalamu alaikum. Tun da koci Warren Gatland ya bar ƙungiyar zari-ruga ta ƙasar Wales a watan Fabrairun 2025, bayan an doke su sau 14 a jere, nake juya wannan magana a raina, domin mutumin da ya ci musu Gasar Ƙasashe Shida ba tare da an kayar da shi ko sau ɗaya ba a 2008 da 2012 da 2019 ba zai manta da sana'arsa a dare ɗaya ba. Wanda ya ga saɓanin abin da na gani ya amsa mini da baiti.

Da sunan Allah zan fara,
Batun koci ne zan tsara,
Ku matso kusa ku saurara,
Zancen mai huɗa da gona.

Gatland a zuwansa na farko,
Ya sami maza masu ƙarko,
Ya ɗana wa Turai tarko,
Sau uku ya cika rumbuna.

Da ya dawo ƙasa ta gaji,
Tsofaffi sun tafi babu magaji,
Matasa sun bi hanyar daji,
Aka ce shi ya ɓata suna.

Ya tafi, kaye bai tsaya ba,
14 ba ta zam iyaka ba,
Har 18, ba ku gani ba?
Wa za a tuhuma, 'yan'uwana?

In ƙasa ta riga ta zama fako,
Sauya mai huɗa ba ya kai saƙo,
Taki ake nema tun farko,
Kafin a zargi mai aikin gona.

Ɗan Jahun:
Malam, a gafarce ni, amma wannan gonar taka da gangan ka zaɓe ta. Ga ta Afirka ta Kudu, da kocinta Rassie Erasmus da ɗan wasanta Siya Kolisi.

Malam, na ji batun fako da taki,
Amma ka bar Afirka ta Kudu a hanya.

A 2017 maki 57 da nema aka yi musu,
A hannun Niyu Zilan, abin kunya.

Ƙasar ita ce, mazan ma su ne,
Sai Rassie ya karɓi ragama da zuciya.

Ya ba Kolisi kyaftin, yaron Zwide,
Baƙar fata na farko da ya taɓa jan wannan ayarin gaba ɗaya.

Shekara biyu tsakani ga kofi a Yokohama,
32 da 12, Ingila ta sha wuya.

In gonar Malam ta ƙi amfani,
Ya duba hannun mai riƙe da fartanya.

Malam Mai Alli na Gaya:
Ɗan Jahun, ɗana, hujjarka tana da nauyi, amma ba haka ake musayar waƙa ba. Malam ya buɗe da 'yar huɗu mai amsa-amon "na", kai kuma ka amsa masa da 'yar tagwai mai "ya", alhali ladabin wannan fage shi ne mai amsawa ya shiga ta ƙofar da aka buɗe masa. Bayan haka, ɗangonka na Kolisi ya yi tsawon da sai mai rerawa ya ja numfashi sau biyu kafin ya kai ƙarshensa.

Ɗan Jahun, ja linzaminka,
A zari-ruga ka san filinka,
Amma baiti ya fi ƙarfinka,
Koma makaranta, ɗana.

Rassien nan da kake yabawa,
Benci ma sai ya yi aunawa,
7 da 1 yake jerawa,
Kai ko ɗango ka kasa auna.

Ɗan Jahun:
Baba Malam, na karɓi gyara a kan amsa-amo, amma ban karɓa a kan kari ba, domin ni da kiɗan kalangu nake auna baitina, ba da aruli ba.

Baba, na bi amon da ka zaɓa,
Hujjata kuwa ka ƙi ka taɓa,
Kana ta ƙirgen gaɓa da gaɓa,
Mu muna ƙirgen kofuna.

Kofunan Duniyan Afirka ta Kudu kuwa 4 ne, na 1995 da 2007 da 2019 da 2023. A daren 28 ga Oktoban 2023, daren wasan ƙarshe da Niyu Zilan, sai da na roƙi masu kallon ƙwallon ƙafa suka bar mana talabijin ɗaya daga cikin biyun da ke rumfata. Mu bakwai ne a kan benci guda, man janareto ya yi ƙasa ana saura minti goma a tashi, ƙanena ya ruga da galan wajen mai bumburutu. Da idona na ga ƙartan gaba bakwai ɗin nan na benci, waɗanda aka jera da ɗan baya 1, suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. An ba Sam Cane, kyaftin ɗin Niyu Zilan, jan kati tun kafin hutun rabin lokaci, duk da haka 12 da 11 aka tashi, kamar yadda aka tashi 29 da 28 da Faransa, da 16 da 15 da Ingila. Wanda ya ci wasa uku a jere da tazarar maki ɗai-ɗai, kan mai tsara masa wasa ne ya yi aiki.

Ɗan Wudil:
Allah ya ja zamaninka, Ɗan Jahun, ka rufe bakin masu alli. Idan koci ba ya gyarawa, to ai yana ɓatawa, ga kuma shaida. Eddie Jones ya karɓi Ostireliya a Janairun 2023, wata guda bayan Ingila ta sallame shi, ya tafi Kofin Duniya ya bar gogaggun 'yan wasa Michael Hooper da Quade Cooper a gida.

Ku dubi Jones mai sauya zango,
Ostireliya ta karɓe shi kamar ango,
Bai shekara ba ya bar ta kango,
Ya nufi Japan da jakunkuna.

Fiji ce ta fara,
Wales da 40 da 6 ta ƙara,
Tun a rukuni aka yi musu kora,
Karo na farko a tarihinsu na wannan gasa, 'yan'uwana.

Baban Zinatu na Kiyawa:
Ni ina bayan Malam Mai Alli, domin fage in ba shi da ƙa'ida kasuwa ne. Kai kuma Ɗan Wudil, ba ka yi wa Jones adalci ba. Shi ne ya jagoranci Japan ta doke Afirka ta Kudu 34 da 32 a 2015, shi ne kuma ya kai Ingila wasan ƙarshe na Kofin Duniya a 2019 bayan ta kayar da Niyu Zilan 19 da 7.

Ɗan Wudil, harshenka da kaifi,
Ka tara wa mutum ɗaya laifi,
Ka manta Brighton, rami mai zurfi,
Inda Japan ta jefa masu kofuna.

Ɗan Wudil:
Baban Zinatu, mai tuna baya,
Tuwon jiya ba ya kai ka tafiya,
Wanda ya ƙone rumbu bana da rana tsaka ɗaya,
Ba a yabonsa da girbin bara, maigidana.

Malam Mai Alli na Gaya:
Ɗan Wudil, baitinka na Fiji yana ɗingishi da ƙafa biyu: ɗangon farko ya gajarce, na ƙarshe ya zarce. Na yanzu kuwa ɗangonsa na uku ka cusa masa "ɗaya" don kawai amo ya fito, ba don ma'ana ta nemi haka ba. Ni ba na hana kowa goyon bayan wanda yake so, amma ba zan ga ana karya kari in yi shiru ba.

Ɗan Wudil:
Malam, da girmanka, tunda aka fara wannan zance ba ka faɗi ko Gatland ya cancanci tafiya ko bai cancanta ba. A bar mana gaɓoɓi a faɗa mana matsaya.

Malam Mai Alli na Gaya:
Matsayata ita ce ta Malam Na Ringim, kuma zan faɗe ta da baiti ranar da ka gyara naka.

Malama 'Yar Ɓaɓura:
Iyayena da yayyena, kwana biyu ke nan kuna kan mai riƙe da fartanya da tsawon ɗango, babu wanda ya tambayi inda 'yan wasan suke tafiya, alhali makomarsu ce take yanke wa koci hukunci.

Kuna ta musun garma da taki,
Ma'aikata sun tafi neman aiki,
Faransa da Japan sun buɗe banki,
Wa ya rage a cikin gona?

Farrell ya ƙetara Faransa,
Ingila ta rufe ƙofa a bayansa,
Shekara guda ya dawo gidansa,
Dokar ta ci, amma wa ta amfana?

Mo'unga a Japan yana haskawa,
Baƙar riga an hana shi sakawa,
Lamba 10 ake ta gwadawa,
Mai ita na nan, an ce ya zauna.

Ni Itoje nake wa kirari,
Iyayensa 'yan Nijeriya tun fari,
Ingila ta ba shi jan ayari,
Lions ma ta ce riƙe mana.

Ingila da Niyu Zilan ba sa kiran ɗan wasan da ke bugawa a ƙasar waje, shi ya sa Owen Farrell ya fita daga lissafi da ya koma Racing 92 ta Faransa a 2024, har sai da ya dawo Saracens ta Ingila a 2025, haka ma Richie Mo'unga, mai lamba 10 na Niyu Zilan masu baƙar riga, da ya tafi Japan. Lions ɗin Maro Itoje kuwa ita ce haɗakar 'yan wasan Birtaniya da Ayalan. Afirka ta Kudu kuwa ba ta damu da inda ɗanta yake cin abinci ba. Ɗan Jahun, maki 12 ɗin nan da ka kalla a rumfarka, Handré Pollard ne ya buga su duka da ƙafarsa, kuma a lokacin ɗan wasan Leicester ne a Ingila. Da dokar Ingila ake bi a ƙasarsu, da a gida zai kalli wasan kamar yadda ka kalla. Wales ma Louis Rees-Zammit ya bar ta a Janairun 2024 ya tafi gwada ƙwallon Amurka, a ranar da Gatland zai sanar da 'yan wasansa, bai dawo ba sai 2025. Wane koci ne zai yi huɗa da san da ba ya turke?

Baban Zinatu na Kiyawa:
Madalla, Malama! Ga amo, ga kari, ga hujja. 'Yan bangaren Jahun da Wudil su zo su ɗauki darasi.

Ɗan Jahun:
Baban Zinatu, ka yi gaggawar guɗa. Hujjar Malama tawa ce, domin a zamanin Rassie aka buɗe wannan ƙofar.

Malam Na Ringim:
Ku yi mini afuwa, kwana huɗu ina wajen roron gyaɗa, inda waya ba ta kamawa sai an hau tudu. Na karanta komai, kuma Ɗan Jahun da bakinsa ya miƙo mini abin da nake nema. Rassie Erasmus ba koci kawai aka ɗauke shi ba, daraktan zari-ruga na ƙasar baki ɗaya ne a lokacin, wato an ba shi gonar da takin da makullin rumbu. A daren da janaretonka ya kusa mutuwa, babban kocin Afirka ta Kudu Jacques Nienaber ne. Bayan gasar ya koma Leinster a Ayalan, Rassie ya sake karɓa, ƙungiyar ba ta girgiza ba, ta ci gasar ƙasashen kudancin duniya a 2024. Ita kuwa Wales, tun a Fabrairun 2023 'yan wasanta suka yi barazanar yajin aiki a kan kwantiragi ana gab da karawa da Ingila, har aka rage wasannin da doka ta ce sai mutum ya buga wa ƙasa daga 60 zuwa 25 ga masu son bugawa a waje a ci gaba da kiran su. Wannan gidan koci Steve Tandy ya gada a Yulin 2025.

Ɗan Jahun, ka harbi kanka,
Ƙofar da ka ce gwaninka,
Ya buɗe, ita ce takin gonarka,
Ka dawo kan maganata, ɗana.

Nienaber ya tafi, gero ya tsaya,
Rassie ya dawo, bai sauya hanya,
Ƙasa in ta ƙoshi ba ta jin tafiya,
Ko wa ya riƙe, za a ga zangarna.

Malama ta faɗi abin da na rage,
San da ya tsinke ya bar fage,
Ba a ɗaure shi da doka ko shinge,
Sai da harawa a sanya ya zauna.

Tandy, Allah ya ba ka haƙuri,
Ka gaji gida mai tsagaggen gari,
In ba a gyara tushe da wuri,
Kai ma za su kira ka da wani suna.

Malam Mai Alli na Gaya:
Malam, ban so in taɓa naka ba, amma "bai sauya hanya" yana bin ka bashin "ba" ta ƙarshe, ka jefar da ita don amo. Abin da na hana yara ba zan bar wa babba ba.

Malam Na Ringim:
Gaskiyarka, Malam. A karanta shi "Rassie ya dawo ya bi tsohuwar hanya".

Ɗan Jahun:
Malam Na Ringim, na yarda da rabi. Taki ne, amma mutum ne ya ɗauko shi a mangala ya kai gona, kuma sunan mutumin Rassie. Abin da yake hana ni barci yanzu shi ne Kolisi. An haife shi a 1991, ya je Racing 92 ya yi kaka ɗaya ya dawo Sharks ta Afirka ta Kudu, kuma idan aka je Kofin Duniya a Ostireliya a 2027 yana da shekara 36, a matsayin da ake karo da ƙarti tun daga busa ta farko.

Malam, rabi na ba ka a hannu,
Rabin kuwa sai mun bi a sannu,
In ƙartan nan suka tsufa kamar shanu,
Ran nan za a san mai gona.

Kolisi, jan gwarzo, ɗan Zwide,
Gwiwa in ta ce a dakata a tsaida,
Wa Rassie zai ba ragamar ya riƙe da shaida?
Malama, ke nake tambaya, ki faɗa mana.

Baba Mai Alli, na san "Zwide" da "tsaida" ba su haɗu ba, kuma na bar su a haka da sanina, domin ba zan lanƙwasa sunan garin mutum don amo ba. Malama, ina jiran sunan wanda kike ganin zai gaje shi.