Masu yawo da na'urar neman ƙarfe a bakin teku: wa ya san kan abin?

Ɗan_Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman shawara. Shekarata ɗaya da rabi a Sunderland nan Ingila, aikin kula da tsofaffi nake, kuma idan na taso daga aikin dare bacci ba ya zuwa da wuri sai in gangara bakin teku wajen Roker ko Seaburn in ɗan taka. To kusan kullum sai na ga wasu dattawa biyu da sanda mai faifai a ƙasa suna sharar yashi da ita hagu da dama, hedifon a kunne, can sai mutum ya tsaya ya tona ya ciro abu ya jefa a jaka. Rannan na yi ƙarfin hali na gaida ɗaya ya nuna min abin da ya samu tun asuba, kwabbai ne da makulli da dalmar masunta da wani ƙaramin zoben azurfa, wallahi tun ranar abin ya shiga raina.

Tambayata uku ce. Wace na'ura ya kamata sabon shiga ya saya, fam 300 na ware ba zan wuce haka ba. Na biyu, akwai izinin da ake nema ne, don ni bizar aiki gare ni ba na son abin da zai haɗa ni da hukuma ko kaɗan. Na uku kuma ita ta fi damuna, idan na tono zoben gwal na wani, ya halatta in riƙe?

Baban Ilham:
Wa alaikumus salam ƙanina. Shekara huɗu ke nan ina wannan harkar, Skegness da Mablethorpe nake zuwa tunda a Lincoln nake zaune. Bari in fara da na'ura don a nan mutane suke ƙona kuɗinsu. Bakin teku kashi biyu ne, busasshen yashi na sama inda ake shimfiɗa tawul, da jiƙaƙƙen yashi na ƙasa da ruwa ke rufewa yana janyewa. A busasshe kowace na'ura za ta yi maka aiki har Garrett Ace. Amma kana sauka jiƙaƙƙe labari ya canza, saboda ruwan gishiri shi ma wutar lantarki na bi ta cikinsa, na'ura mai firikwansi ɗaya sai ta riƙa jin gishirin kamar ƙarfe ta yi ta kuka ba gaira ba dalili, in ka rage mata ƙarfi ta yi shiru to kuma ba ta jin abin da ya yi zurfi. Abin da kake so ita ce mai aiki da firikwansi da yawa lokaci ɗaya. Kuɗinka zai isa Minelab Vanquish, sai dai ka sani a samfurinta na farko faifanta ne kawai ke shiga ruwa, akwatin sama ba ya so, igiyar ruwa ɗaya ta dake shi shikenan. In za ka iya haƙuri ka ƙara tari ko ka nemi ta hannu mai kyau, Equinox ko Nokta Legend gaba ɗayansu suna nutsewa. Ka ware kuɗin shebur na yashi, wanda yake da huda-huda kamar rariya mai dogon mariƙi, in ba shi ramin zai riƙa cikewa da ruwa kafin ka kai ga abin.

Lokaci kuma ya fi na'ura muhimmanci. Ruwa na janyewa sau biyu a yini, kuma kullum yana jinkirta kamar minti 50 a kan na jiya, ka sauke jadawalinsa a waya. Mu da muke bin lissafin watan Musulunci ma abin ya zo mana da sauƙi, farkon wata da kuma wajen 15 zuwa 17 ga wata nan ne ruwa yake janyewa can nesa ya buɗe wurin da masu wanka suke tsayawa da bazara. Ka iso awa biyu kafin ya gama janyewa ka bi shi a baya. Bayan guguwar hunturu kuma in ka ga yashi ya zaftare duwatsu ko baƙar laka sun fito, to nan ne wurin, don gwal nauyi gare shi nutsewa yake har sai ya tarar da ƙasa mai tauri. In ka fara cin karo da dalmar masunta ka rage sauri, abu mai nauyi wuri ɗaya yake taruwa.

Kuma ka shirya ranka, marfin gwangwanin lemo da guntun alminiyon lambar da suke nunawa a allo kusan ɗaya ce da ta zoben gwal, in ka ce na'ura ta tsallake su to ta tsallake zoben ma. Dole ka tona. Ni jaka biyu nake ɗauka, ta shara ita ke cika kullum, kuma ban taɓa barin rami a buɗe ba saboda yara da masu dawaki.

Maganar izini: wajen rabin gaɓar da ke tsakanin iyakar cikar ruwa da janyewarsa a hannun Crown Estate take, wato hukumar da ke kula da kadarorin masarautar Birtaniya, su sun yarda a yi kuma suna da taswira a shafinsu. Saura na ƙananan hukumomi ne ko ƙungiyar kula da wuraren tarihi ta National Trust ko masu zaman kansu, wasu sun hana kwata-kwata. Ka tura wa ƙaramar hukumarku imel ka ajiye amsar a wayarka. Sannan akwai dokar Treasure Act ta 1996, abin da ya haura shekara 300 kuma aƙalla kashi 10 cikin 100 nasa gwal ne ko azurfa, kwana 14 gare ka ka kai rahoto, hanya mafi sauƙi ka nemi jami'in Portable Antiquities Scheme na yankinku, wato masu rajistar kayan tarihi da aka tsinto. Abin da ya fito daga jirgin ruwan da ya nutse shi kuma ofishin Receiver of Wreck ake sanarwa cikin kwana 28. In ka tono wani abu mai tsatsa mai kama da harsashin igwa kar ka taɓa, ragowar yaƙin duniya har yanzu suna fitowa, ka matsa ka kira 999 ka nemi masu gadin teku.

Bouzou_Agadez:
Salam 'yan'uwa. Ni teku ban san shi ba amma appareil, wato na'urar, na san shi, na yi wata bakwai a Djado can arewacin Nijar lokacin da zinariya ta fashe a 2014 kafin gwamnati ta rufe wurin a 2017, daga baya na leƙa Tchibarakaten. Mu can na'urar GPX muka riƙa amfani da ita irin wadda ake ce ma PI, mai aika bugun lantarki cikin ƙasa, tana shiga ƙasa sosai kuma ƙasa mai ma'adini ba ta ruɗa ta, amma ba ta iya rarrabe ƙusa da zinariya da kyau, komi ta ji sai ka gina. A sahara ba damuwa don ba shara, wurin da mutane ke zubar da gwangwani kuwa za ka gaji. Abin da ya sa na sa baki shi ne jabu. Na ga wanda ya saida raƙuman gidansu ya sayi na'ura a kwalinta sabuwa fil da suna da komi, muka je daji ko sulen da aka binne taƙi ɗaya ba ta ji ba, mutumin nan zaunawa ya yi yana hawaye. Don Allah ɗan'uwa ka saya wurin dila da kamfani ya san da shi, in ta hannu ce ka je da zobe ka binne ka gwada da idonka kafin ka ba da kuɗi.

Maman Sultan:
Ɗan_Fagge tambayarka ta uku ita ta sa na yi rajista na shigo. Shekara uku da suka wuce a Blackpool na shiga ruwa da yara iya gwiwa kawai, na shafa musu man rana hannuna da santsi ga ruwan da sanyi yatsa ya tsuke, ban ma ji fitarsa ba sai a mota na ga babu. Zoben mahaifiyata ne Allah ya jiƙanta, a Makka ta saye shi da ta je aikin Hajji, gwal 21 ne da ɗan lanƙwasa a gefe inda ƙofa ta taɓa matse mata hannu. Mun koma washegari da maigidan muka yi ta tonon yashi da hannu har magariba. Har yau in na ga masu na'urar nan sai in ji ƙila yana aljihun wani ko an narkar da shi. To in Allah ya sa ka tsinci irinsa ka tuna akwai mai shi tana can tana nema.

Abu Hafsat:
Allah ya mayar miki da alheri Hajiya, ya jiƙan mama. Malam Ɗan_Fagge, wannan babin tsintuwa ne, luƙaɗa a fiƙihu. Hadisin Zaidu bin Khalid ya zo cewa ka san jakarta da maɗaurinta, wato alamominta, ka yi cigiya shekara guda, in mai ita ya zo ka ba shi, in bai zo ba ka amfana da ita, amma ko bayan shekarar ya bayyana haƙƙinsa na nan. Abin da ba shi da wata daraja da mai shi ba zai waiwaye shi ba, kamar kwabbai ɗaya biyu, malamai sun sauƙaƙa. Mutane suna haɗa shi da rikazi wanda ake fitar da khumusi, ɗaya cikin biyar, to rikazi dukiyar mutanen da ce ta jahiliyya da aka binne, zoben da ya faɗi bara ba ya shiga nan. Wajen cigiya kar ka faɗi duk siffar, ka ce an tsinci zobe a wuri kaza rana kaza, wanda ya zo shi zai siffanta.

Baban Ilham:
Malam ya gama magana, kuma dokar ƙasar ma haka ta ce, ka tsinci abu ka riƙe ba ka yi ƙoƙarin neman mai shi ba sata ce a wurinsu. Hajiya ki saka cigiya a rukunonin Facebook na masu na'ura na yankin Blackpool ko yanzu, yashi yana rufe abu shekaru ya sake buɗe shi, kuma da yawansu kyauta suke fita nema. Ki ambaci lamba 875 da za a iya gani a cikinsa in 21 ne, gwal ɗin Turawa yawanci 375 ne ko 750 don haka naki zai fita daban. Ni a shekara huɗu zoben gwal uku na samu. Ɗaya da kwanan watan aure a rubuce a ciki, na saka cigiya kwana tara sai ga wani dattijo ya faɗi kwanan watan daidai, da ya zo karɓa hannunsa rawa yake, matarsa ta rasu shekara biyu kafin nan. Sauran biyun suna cikin kwalba a gidana da takardar rana da wurin da na same su.

Abu ɗaya da na manta ƙanina, kar ka juya wa ruwa baya kana sauraron hedifon. Wani wurin ta bayanka yake zagayowa ya cika kwari ya yanke ka, a Morecambe Bay a 2004 mutum sama da 20 'yan China masu tsintar kifin ɓawo haka ruwa ya cinye su da dare. Ka saka ƙararrawa a waya.

Ɗan_Fagge:
Na gode ƙwarai Yaya, na gode Malam, Allah ya saka. Hajiya wallahi labarinki ya taɓa ni, Allah ya bayyana shi. Na tura imel ɗin ɗazu ina jiran amsarsu, kuma na fasa sayen sabuwa zan ƙara albashin wata biyu in nemi mai shiga ruwa. Yaya Baban Ilham in ba damuwa ranar da za ka fita tsakiyar watan nan in ba ni da aiki zan biyo jirgin ƙasa in riƙe maka shebur in ga yadda ake yi, wane takalmi ake sawa a jiƙaƙƙen yashin da sanyin nan?