Taƙaitawa: kaɗa jita a gida da manhajar amfilifaya

Jama'a zancen da ake ta yi kan yadda za a kaɗa jita a gida ta kwamfuta, da manhajar da ke kwaikwayon amfilifaya (na'urar ƙara sautin jita), ya yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kowa ya yarda sai da akwatin sauti na USB, wato ƙaramar na'urar da ke shigar da sautin jita cikin kwamfuta, a jona jitar a ramin da aka rubuta Hi-Z ko INST. Ramin makirfo na kwamfuta bai da amfani, ƙara kawai yake kawowa.

2. Jinkirin sauti shi aka fi kuka da shi, ka taɓa tsirkiya sautin ya makara. Masu Windows su sa direban ASIO (manhajar sauti mai rage jinkiri), a rage bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar, zuwa 128 ko 64, in kwamfuta ta fara ƙarar-ƙarar a ɗaga kaɗan.

3. Da yawa sun ce sirrin yana wajen IR, wato kwaikwayon akwatin lasifika, canza shi kaɗai yana gyara sauti fiye da canza amfilifaya, ni ma haka na gani wallahi. Kuma a rage gen (gain), wato ƙarfin sautin da ke shiga amfilifaya, sababbi suna cika shi har komai ya cakuɗe.

Inda aka rabu:
Wace manhaja? Wasu sun ce Neural Amp Modeler kyauta ne kuma ya isa, wasu sun fi son AmpliTube, Guitar Rig ko Neural DSP don komai a haɗe yake.
Hedifon ko lasifika? Masu maƙwabta kusa sun zaɓi hedifon, sauran sun ce yana gajiyar da kunne.
Tsofaffin hannu sun dage amfilifayar gaske ta fi daɗi a yatsa, amma sun yarda a rikodin da wuya ka bambance.